Yadda ake raya gonar fako da ramukan tassa

A ƙauyukanmu yunwa ba ta cika shiga gida da rani ba. Tana shiga ne lokacin da ko'ina ya yi shar, daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta, sa'ad da rumbu ya kai gindi, tiyar gero ta yi tsada a kasuwa, sabon hatsi kuma bai kai a gasa tumu ba. A waɗannan makonni ne magidanci yake barin gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani don a ɗora tukunya da dare, ko ya ci bashin hatsin da zai biya ninki da kaka. Gonar da aka bari ta ba da kaɗan, baɗi kuma rumbun ya riga na bana ƙarewa.

Abin da yake damuna shi ne, da yawa daga cikin gidajen da suke wannan hali suna da fili a kwance. Akwai wani gefen gona da aka daina shukawa tun zamanin mahaifi, ƙasa ja ko fara mai tauri kamar daɓe, wadda ko ƙaya ba ta son fitowa a kanta. Fako ke nan. Mutane sukan ce ƙasar ta mutu. Ba ta mutu ba, samanta ne ya toshe. Ruwa yana sauka ya zarce, ya kwashe ɗan abin da ya rage ya tafi da shi kwazazzabo. Tassa hanya ce ta fasa wannan ɓawo, a tare ruwan, a ajiye taki daidai inda saiwa za ta same shi. Ba ta buƙatar tarakta, ba ta buƙatar bashi. Tana buƙatar diga, taki, da gumi mai yawa, kuma ba zan ɓoye maka yawan gumin ba.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Hausawan Adar, a Nijar, sun daɗe suna haƙa ƙananan ramuka a ƙasa mai tauri suna kiransu tassa. A Burkina Faso sunanta zai, kuma a can ne wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo, mutumin Yatenga kusa da Wahiguya, ya gyara ta a wajajen 1980, bayan farin da ya kori mutane daga garuruwansu. Ya ƙara wa ramin faɗi da zurfi, ya riƙa haƙawa tun rani, ya riƙa zuba taki a ciki. A 1989 wani shirin asusun raya noma na duniya, IFAD, ya kai manoma 13 daga Illela ta Nijar, a jihar Tawa, zuwa Yatenga su ga aikin da idonsu. Da suka dawo suka gwada a 'yan filaye kaɗan. Shekarar 1990 ta zo da fari, sai aka ga gonakin ramuka sun ba da hatsi alhali na maƙwabta sun ƙone. Daga nan ba a sake roƙon kowa ba. Kafin 1998 an raya kusan hekta 9,000 a yankin, har aka fara saye da sayar da fakon da a da ko kyauta ba a karɓa. Awon da aka yi na shekaru a jere a can ya nuna fili marar rami yana ba da kimanin kilo 125 na gero a hekta, mai rami da takin gida kuma kimanin kilo 500.

Fara da tabbatar da cewa ƙasarka ta tassa ce

Ba kowace gona ce take son wannan aiki ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In gonarka jigawa ce, rairayi mai laushi, ruwa yana shigewa da kansa, ramin kuma iska za ta cike shi kafin damina ta sauka. In fadama ce ko laka mai riƙe ruwa, ramin zai zama tukunya, shuka ta nutse ta ruɓe. Haka nan in kana inda ruwan shekara yake wuce milimita 800, kamar kudancin Kaduna ko Neja, matsalarka fitar da ruwa ce, ba tara shi ba. Tassa ta dace da inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 zuwa 800: Sakkwato, arewacin Kabi da Zamfara, arewacin Katsina da Jigawa da Yobe, da Tawa, Maraɗi da Damagaram, matuƙar ƙasar mai tauri ce, shimfiɗaɗɗiya ko mai ɗan gangare kaɗan.

Gwajin ba wuya. Ɗebi bokitin ruwa ka sheƙa a filin. In ya bazu yana gudu a sama, ka sa yatsa ka tarar ƙasa a bushe ƙarƙashin ɗan siririn danshi, to fako ne. Sannan ka gano ta ina ruwa yake gangarawa. Wanda ya fi sauƙi shi ne ka je filin da damina ana cikin ruwa, ka tsaya ka kalli hanyarsa, ka kafa turaku. In damina ta wuce, shara da ƙananan tsakuwa da ruwa ya jera za su nuna maka. Kada ka raina wannan mataki, domin duk tsarin ramukan a kansa yake.

Akwai maganar da nake so a yi tun kafin a ɗaga diga. In filin ba naka ba ne, aro ne ko haya ko jingina, ko gadon da ba a raba ba, ka zauna da mai shi gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a rubuta shekara nawa za ka noma shi. Fakon da babu mai kallonsa yau, ranar da aka ga dawa ta fi mutum tsawo a kansa, masu shi za su yawaita. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Taki kafin rami

Yawancin masu farawa suna ɗokin haƙa, sai ramuka su kammala a rasa abin zubawa. Rami marar taki yana tara ruwa, amma amfanin da yake bayarwa bai kai wahalarsa ba. Don haka lissafin taki shi zai gaya maka girman filin da za ka iya.

Kowane rami yana cin taki cikin tafin hannu biyu, kimanin giram 300. In ka ba da tazarar mita ɗaya tsakanin ramuka, hekta tana ɗaukar rami 10,000, wato tan 3 na taki. Rubu'in hekta rami 2,500 ne, taki kilo 750. Shawarata ga mai farawa ya tsaya a rubu'i, ko ma ƙasa da haka. Rami 1,000 da aka ciyar da kyau sun fi 5,000 da aka yi wa rowa.

Tanadin yana farawa tun kaka. Tara kashin awaki da tumaki da shanu, sharar turke, ƙaiƙayi, ragowar kara da dabbobi suka tattake, da tokar murhu. In za ka ɗebo daga juji, ka tsince leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura, kada ka kai wa gonarka guba da hannunka. Haƙa rami a inuwa, zurfin kamar zuwa ƙugu. Shimfiɗa kara da busasshiyar ciyawa a ƙasa, ka bi da kashin dabba, ka barbaɗa toka, ka yayyafa ruwa, ka sake maimaitawa har ya cika, ka rufe da tsohuwar zana ko buhuna. Danshin da ake so shi ne in ka matse a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Ruwan wanke-wanke marar sabulu mai yawa ya isa. Soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ka zaro ta ka ji zafi, aiki yana tafiya. Duk mako biyu a juya shi, a ƙara ruwa in ya bushe. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Shekarar da na fara, na zuba ɗanyen kashin kaji a layuka da dama saboda takina bai isa ba, kuma na yi shuka a kai kwana kaɗan bayan haka. Tsiron ya fito ya yi ja ya ƙone, sai da na sake shuka, na rasa kusan mako biyu na damina. Ɗanyen taki, musamman na kaji, yana da zafi. In dole ne ka yi amfani da wanda bai gama ruɓa ba, ka zuba shi da wuri sosai, ya samu wata guda ko fiye a ramin kafin iri ya shiga.

Lokacin haƙa da yadda ake jera ramuka

Aikin rani ne. Mafi kyau a fara da zarar an gama kai amfani gida, Nuwamba zuwa Disamba, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, ga sanyi yana taimaka wa jiki. Akwai wata ribar fara da wuri: iskar hunturu tana kwaso ƙura, ganye da ƙananan tarkace tana zubawa cikin ramukan, abin da da zai wuce fakon ya tafi. In ka bari sai Afrilu, za ka haɗa taurin ƙasa da zafin bazara.

Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne awa 300 na aikin mutum ɗaya a hekta, a ƙasa mai tsakuwa kuwa ya fi haka. Rubu'in hekta ke nan awa 75. In mutum biyu za su fita bayan asuba su yi awa uku kafin rana ta yi zafi, cikin mako biyu sun gama. Inda gayya ba ta mutu ba, gida biyar su haɗu su riƙa zagayawa ya fi sauri, ya fi daɗin rai. Wanda zai tafi ci-rani ma yana iya haƙa nasa kafin ya kama hanya, ya bar wa iyali zuba taki.

Kayan aiki: diga ko dagi don fasa ƙasa, fartanya ko ƙaramin shebur don kwashewa, doguwar igiya, da turaku biyu. Ƙulla igiyar duk bayan mita ɗaya, ko santimita 80 in kana son ramukan su fi yawa kuma takinka zai isa. Ja igiyar ta gicciye hanyar ruwa. In ruwa yana gangarawa daga gabas zuwa yamma, layinka zai tafi kudu da arewa. A kowane ƙulli a sari alama. Sai a matsa mita ɗaya ƙasa a ja layi na biyu, amma a goce da rabin tazara, yadda kowane ramin layi na biyu zai faɗo daidai tsakanin ramuka biyu na layin farko. Duk ramuka uku su zauna kamar duwatsun murhu. Dalilin shi ne ruwan da ya kuɓuce ta tsakanin biyun sama ya faɗa bakin na ƙasa. In ka jera su sambal ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe wa ruwa tituna ne ya wuce.

Girman rami: faɗi santimita 25 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfi santimita 15 zuwa 20. Kada ka zurfafa fiye da haka da tunanin ƙarin ruwa. Rami mai zurfi yana binne tsiro in ƙasa ta zubo, kuma ruwa yana daɗewa a ciki. Ka ɗan sassare gindin ramin da bakin diga don kada ya zama sumul kamar ƙwarya.

Ƙasar da ka kwaso ita ce rabin aikin. Kada ka watsar da ita, kada kuma ka zagaye ramin da ita. Tara ta a gefen gangare kawai, ta ƙasan ramin, ka lanƙwasa ta kamar jinjirin wata mai rungume da ramin, ka danna da ƙafa. Gefen sama a bar shi a buɗe, ta nan ruwa zai shigo. Na sha ganin an yi akasin haka, an tare ƙofar da tudun ƙasa, ruwa ya zo ya kewaye ya wuce, mai gona ya ce tassa ba ta aiki.

Ga lissafin da ya sa nake ganin girman wannan ɗan rami. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi lita 1 ne. Ruwa mai kyau na milimita 20 ke nan jarka guda mai lita 20 a kan filin kowane rami. A fako, mafi yawan wannan jarka gudu take yi. Ramin yana riƙe kusan lita 10 a lokaci guda, yana tsotsewa ana ƙara masa. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke na kwana goma ko mako biyu a tsakiyar damina, irin tsaikon da yake kashe gero ƙarami, shukar rami tana tsaye.

Zuba taki, da maganar gara

Mako uku zuwa huɗu kafin lokacin da ruwa ya saba sauka a wajenku, a kai taki gona da mangala ko amalanke. Kowane rami tafi biyu, a barbaɗa ƙasa siririya a kai don kada iska ta kwashe ko rana ta cinye ƙarfinsa. Kada a cika ramin. Bayan taki da ƙasar rufi, ya kamata a bar aƙalla rabin zurfin fanko don ruwa.

Za ka ga gara ta zo. Kada ka ɗauko magani. Na san manomi da gara ba sa ga maciji, ita ce mai cin rumbu da zana da azara. Amma a cikin ramin tassa ma'aikaciya ce da ba a biya. Takin ne yake kiranta, tana zuwa ta ƙarƙashin ƙasa, tana huda hanyoyi ƙanana masu zurfin da diga ba za ta kai ba. Ta waɗannan hanyoyi ruwa yake sauka, saiwa ta bi shi. Tana kuma narka busasshen kara ta mayar da shi ƙasa. Matuƙar tana samun busasshen abu a ramin, ba ta cika damun ɗanyar shuka mai lafiya ba. Wannan yana daga cikin abubuwan da Sawadogo ya lura da su ya gina aikinsa a kai.

Shuka

Jira ruwa na sosai. Yayyafin farko da yake jiƙa sama kawai yaudara ne: iri ya tsiro, taki ya ɗau zafi, ruwa ya ɗauke, a yi asara. Ruwan shuka shi ne wanda in ka tona cikin ramin za ka sami danshi ya kai tsawon hannu daga yatsu zuwa wuyan hannu, wato ruwan sama na kimanin milimita 20 ko fiye. Masu yin binne a gonar jigawa su yi haƙuri da shi a nan.

Dawa ta fi gero jure ruwan da ya kwanta, don haka a ƙasa mai ɗan yumɓu ita ce zaɓi na farko, kuma ana iya shuka ta a tsakiyar rami. Gero ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Shuka shi a jikin ramin, ɗan sama da gindi, ta gefen tudun ƙasar. A kowane hali kada iri ya zauna kai tsaye a kan taki, a sa ƙasa tsakani.

In burinka ka gajarta kwanakin yunwa, nemi iri mai saurin nuna. A Najeriya akwai geron SOSAT, a Nijar akwai HKP, da CHAKTI da aka fitar a 2018 wanda yake nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Ka saya wurin dillalin da aka sani ko ta hannun malamin gona, domin jabun iri ya yi yawa a kasuwa. Ban ce ka watsar da irin gidanku ba. Raba filin: kashi ɗaya mai sauri don a samu abin ci da wuri, kashi ɗaya na gida da ya san ƙasar. In za ka gauraya irin da maganin kariya kamar Apron Star, bi abin da aka rubuta a jikin takardar, ka sa leda a hannu, ragowar irin kuma kada a ci, kada a ba kaji.

Mai ɗan hali yana iya ƙara takin zamani kaɗan, yadda masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suka gwada suka yaɗa: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, kimanin giram 6, a kowane rami lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro. Rami 2,500 kilo 15 ke nan, ba sai ka sayi buhu ba. A soka shi gefe, nesa da irin da kamar yatsu uku, a rufe. In ƙasa ba ta da danshi sosai, a dakata. Takin zamani ƙari ne a kan na gida, ba ya maye gurbinsa a fako.

Daga tsiro zuwa girbi

Mako biyu zuwa uku bayan tsiro, a rana mai danshi, rage shukar. Bar uku mafi ƙarfi a ramin gero, biyu ko uku a na dawa. Hannu yana nauyin cire tsiro mai kyau, amma goma a rami ɗaya kara za su ba ka, ba zangarniya ba. Waɗanda ka cire, ka dasa su a ramukan da suka yi gibi, da yamma.

Nan ne za ka fara cin ribar wahalar rani. Tsakanin ramuka ƙasa tana nan da taurinta, ciyawa ba ta samun wurin kamawa, don haka noman shekarar farko a cikin rami da bakinsa kawai yake, yawanci da hannu. Kada ka bi tsakanin da garma ko fartanya kana fasawa. Wannan taurin shi ne rufin kwanon da yake zubo wa ramin ruwa.

Bayan kowane babban ruwa, musamman cikin marka, zagaya gonar. Inda tudu ya karye a gyara, inda ƙasa ta rufe tsiro a buɗe. In ka ga ruwa ya kwana biyu a rami bai tsotse ba, ɗan fasa gefen tudun ya rage. In wuta-wuta ta fito, tuge ta kafin ta yi fure, ka fitar da ita daga gonar ka ƙona, domin tsiro ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya da suke daɗewa a ƙasa shekaru. Wake kuwa ana iya ba shi nasa layin ramuka, kamar layi ɗaya bayan kowane biyu ko uku na hatsi. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ga harawa, ga abin kai wa kasuwa.

Da girbi, kada a tumɓuke kara. A sare shi a bar gindi da saiwa a ramin, in da hali a kwantar da wani kason karan a filin. Na san kara yana da masu jira: dabbobi, danga, murhu. Ko kashi ɗaya cikin uku aka bari, gara za ta yi aiki da shi.

In gangaren ya fi ƙarfin ramuka

Wani fili ruwa yana zuwa masa da ƙarfi daga tudu, ya share tudun ramukan layin farko. A nan sai an rage masa gudu da jeren duwatsu, wanda a Adar ake kira gandari. Sharaɗinsa ya bi daidaiton ƙasa, kada wani gefe ya fi wani tudu, in ba haka ba ruwa zai taru a wuri ɗaya ya ɓalle. Ana gano layin da farin tiyon da magina suke awo da shi: a cika shi da ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a sanduna biyu masu alama a tsayi ɗaya, mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya matsa sama ko ƙasa har ruwan ya daidaita da alama a duka sandunan, a kafa turke, a ci gaba. A tona 'yar hanya marar zurfi a bin turakun, a zaunar da manyan duwatsu, a cusa ƙanana ta gefen sama, tsayi kamar taƙi ɗaya. Tazarar jere da jere mita 20 zuwa 50, gwargwadon gangaren. Dutsen ba ya tsare ruwa ɗungurungum, yana tace shi ne, ya bar ƙasa da shara a baya. In ka dasa gamba a jikinsa, bayan shekaru ko an kwashe dutsen ciyawar za ta riƙe wurin, ga abin zana.

Inda babu dutse, ko filin yana da faɗi kuma ana son ciyawar dabbobi da itatuwa, akwai rabin wata. A kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 2, a zana rabin da'ira mai buɗewa ta gefen sama, a fasa cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar a bakin lanƙwasar a danne. Hekta tana ɗaukar kimanin 300, su ma a jere irin na murhu, kowanne da baro guda na taki.

Shekara ta biyu da bayanta

Ramukan bara za su cike zuwa rabi ko fiye. Kana da zaɓi biyu. Ko ka yashe su ka mayar da ƙasar kan tudu ka sake shuka a ciki, wanda aikinsa bai kai rabin na farko ba, kuma takin bara yana da sauran ƙarfi, ɗan ƙari ya isa. Ko ka haƙa sababbi a tsakanin tsofaffin, ka zuba musu cikakken taki. Ni na fi son a yashe a shekara ta biyu, a haƙa sababbi a ta uku, domin a haka jiki yana hutawa, filin kuma yana laushi ko'ina a hankali. Bayan 'yan shekaru za ka ga ciyawa ta fara kama tsakanin ramuka, fartanya tana shiga ba tare da ƙara ba. Daga nan ana iya noma shi kamar kowace gona, a koma da diga sabon rubu'i.

Cikin ramukan za ka riƙa ganin 'ya'yan itatuwa suna fitowa, waɗanda irinsu ya biyo kashin dabbobi: gawo, aduwa, magarya, bagaruwa, kalgo. Kada ka share su duka. Zaɓi masu kyau, masu tazarar kamar mita 10 zuwa 15 a tsakaninsu, ka kafa musu alama don kada mai noma ya sare, ka kewaye su da ƙaya saboda awakin rani. Gawo ya fi kowanne cancanta, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi abinci su bar maka taki a gindinsa. In akwai tsohon kututturen sabara ko kalgo da yake tohowa, bar rassa biyu zuwa biyar mafi miƙewa, ka sare sauran, ka riƙa rage na ƙasa duk shekara, kamar yadda manoman Maraɗi suke yi tun shekarun 1980 har gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Yi wannan saran da wuƙa ko gatari mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon reshen da ka bari ya yage.